Daga Willie Groves zuwa Ahmed Musa: yadda ake warware kwantiragin ɗan ƙwallo idan zai sauya ƙungiya



Duk lokacin da aka buɗe kasuwar musayar 'yan wasa, hirar majalisa da ta gidan kallon ƙwallo takan koma kan magana ɗaya: an sayi wane fam miliyan kaza, an sayar da wane yuro miliyan kaza. Da yawa cikinmu suna ɗauka kuɗin nan aljihun ɗan wasan suke shiga. Wasu dattawanmu kuwa kalmar saye da sayarwar ce ba sa so, suna cewa ɗan Adam ba akuya ba ne. Mun ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe, saboda yaranmu suna buga ƙwallo a filayen makaranta kullum da yamma, kuma akwai masu yawo da jaka suna yi wa iyaye alkawarin Turai.

Abin da ake saye dai takarda ce. Ɗan wasa ya sa hannu zai yi wa ƙungiya aiki na shekara huɗu, ya yi biyu, sai wata ƙungiya ta gan shi ta so shi. Kuɗin da za ta biya diyya ce ga ƙungiyarsa don ta yarda a raba alkawarin kafin lokacinsa, ta saki rajistarsa. Tsohon kwantiragi ya mutu ke nan, ba a gadonsa. Ɗan wasan zai zauna da sabuwar ƙungiya su ƙulla sabo, da sabon albashi da sabon wa'adi. Idan ya ce ba ya so, ko an gama ciniki tsakanin ƙungiyoyin biyu, magana ta lalace. Wanda ya taɓa karɓar hayar gona na shekara uku, wani ya zo a shekara ta biyu yana son gonar, ya san dole a zauna a yi lissafin abin da ya rage.

Turawan Ingila ne suka fara wannan tsari. A 1885 suka halatta biyan ɗan ƙwallo albashi, a 1893 kuma masu gasar ƙasar suka kafa dokar riƙe rajista. A ƙarƙashinta, da zarar ɗan wasa ya yi rajista da ƙungiya, ba zai buga wa wata ba sai da yardarta, ko da kwantiraginsa ya ƙare, ko da ta daina sa shi a wasa. A shekarar ce Aston Villa ta biya fam 100 kan Willie Groves na West Bromwich Albion. A 1905 Middlesbrough ta biya Sunderland fam 1,000 kan Alf Common, jaridu suka yi ta surutu cewa ƙwallo ta lalace. Ɗan wasan kansa kuwa an yi masa iyaka a albashi. Har farkon 1961 babu wanda ke karɓar fiye da fam 20 a mako komai gwanintarsa, sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka cire iyakar.

Wanda ya fara kai maganar kotu ya yi nasara shi ne George Eastham na Newcastle United. Ya nemi a sake shi, aka ƙi, ya ajiye takalmi ya tafi yin wani aiki na 'yan watanni. Daga baya a 1960 Newcastle ta sayar da shi ga Arsenal kan fam 47,500, amma bai janye ƙara ba. A 1963 kotu ta ce riƙe mutum bayan kwantiraginsa ya ƙare tauye masa hanyar neman abinci ne. Hukuncin ya sassauta igiyar, bai tsinke ta ba, domin an ci gaba da karɓar kuɗi kan ɗan wasan da wa'adinsa ya cika. A 1979 Nottingham Forest ta biya fam miliyan 1 kan Trevor Francis.

A duk tsawon wannan lokaci ƙwallon Najeriya tana tafiya a wata hanya dabam. An kafa hukumar ƙwallo ta ƙasa a 1945, kuma a shekarar aka fara kofin Gwamna wanda ya koma kofin Ƙalubale. Yawancin ƙungiyoyin na ma'aikatu ne da kamfanoni: jirgin ƙasa, tashar jiragen ruwa, wutar lantarki, 'yan sanda, bankuna. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi a matsayin akawu ko makaniki. Idan wata ƙungiya tana son sa, aiki mafi tsoka take yi masa alkawari, wani lokaci da ɗaki ko babur, sai ya karɓo takardar sallama daga inda yake. Teslim Balogun ya tafi Peterborough ta Ingila a 1955, amma irinsa ɗaiɗaiku ne a lokacin. Gasar ƙasa ta fara a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Dattawanmu da suka yi zamanin da muke cikin jihar Binuwai da Filato, daga baya Filato, sun san yadda sunan Jets ke tashe a nan yankin.

Ƙofar waje ta buɗe sosai ne a tsakiyar shekarun 1980. A 1985 hukumar ƙwallo ta dakatar da Stephen Keshi da wasu abokansa saboda rashin zuwa sansanin horo a kan lokaci, sai ya tafi Abijan ya buga a can, daga nan ya wuce Beljiyam, Lokeren sannan Anderlecht. Hanyar da ya buɗe da yawa sun bi ta. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge a 1990, Everton ta biya fam miliyan 3 a kansa a 1994. Tijjani Babangida ya bar Niger Tornadoes ta Minna zuwa Roda JC ta Holan a 1991, ya isa Ajax a 1996. A wancan zamani babu wata doka ta duniya da ta ce idan an sake sayar da ɗan wasa a Turai a aiko wa ƙungiyar da ta rene shi wani abu. Abin da aka karɓa ranar farko shi ke nan, sai dai in an rubuta wani sharaɗi a takardar ciniki.

A 1990 ne aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, shekarar da aka haɗa ƙungiyoyi uku aka kafa Kano Pillars. Sai aka shigo da al'adar kuɗin sa hannu: a farkon kaka a yi wa ɗan wasa alkawarin dunƙulallen kuɗi, a ba shi wani kaso, albashin wata kuma ɗan kaɗan ne. Duk mai bin ƙwallon gida ya san yadda ragowar kuɗin ta riƙa zama bashi a ƙungiyoyi da dama, ɗan wasa ya gama kaka ya tafi yana bin ƙungiya, ita kuma ta riƙe takardar sallamarsa. Kamfanin LMC da ya karɓi ragamar gasar wajajen 2013 ya soke kuɗin sa hannu, ya sa mafi ƙarancin albashi naira 150,000 a wata. A ganinmu gyara ne mai kyau, domin albashin da ake gani duk wata ya fi sauƙin bi a gaban kwamitin sasanci fiye da alkawarin baki.

A daidai 1990 ɗin, a Beljiyam, kwantiragin wani ɗan wasa da ba kowa ya san shi ba, Jean-Marc Bosman, ya ƙare da RFC Liège. Ƙungiyar ta yi masa tayin sabo da albashin da bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu na tsohon ba. Ya samu Dunkerque ta Faransa, cinikin ya rushe kan maganar kuɗi, Liège ta dakatar da shi. Ya yi shekara biyar yana shari'a. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare zai iya tafiya wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba. Bosman kansa bai ci moriyar abin ba, shekarun ƙwallonsa sun ƙare a zirga-zirgar kotu. Amma daga ranar ne wa'adin kwantiragi ya zama shi ne farashi. Ɗan wasan da ya rage masa shekara huɗu yana da tsada, wanda ya rage masa shekara ɗaya dole a karya kuɗinsa, wanda ya rage masa wata shida kuwa yana da damar sa hannu da wata ƙungiya tun kafin ya tashi.

Bayan doguwar tattaunawa da Tarayyar Turai, Fifa ta fitar da sabuwar doka a 2001, kuma ita ce ƙashin bayan abin da ake bi har yau. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai 18 ba kuma ba ya wuce shekara 3. Ana buɗe rajista sau biyu a shekara. Wanda ya sa hannu kafin ya cika 28, shekara 3 na farko kariya ce ga kwantiragin, wanda ya haura 28 shekara 2. Duk wanda ya karya alkawari a cikin wannan lokaci ba tare da hujja ba, bayan diyya akwai horo: a dakatar da ɗan wasa wata huɗu, ko a hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa na kasuwa biyu. An kuma hana kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba.

Wannan doka ta shekara 18 ta taɓa Ahmed Musa. Yaron makarantar horar da ƙwallo ta GBS ne a Jos, aka ba da aronsa ga JUTH, sannan ga Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, abin da ba a taɓa yi ba a gasar ƙwararru kafin shi. VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma takardar izinin sauya ƙasa ba ta fito ba sai da ya cika 18 ranar 14 ga Oktoba. Daga nan CSKA Moscow a Janairun 2012, Leicester a 2016 kan kusan fam miliyan 16, aro zuwa CSKA a 2018, Al-Nassr ta Saudiyya a shekarar, sannan a 2020 suka rabu da Al-Nassr bisa yarda da juna, abin da ya ba shi damar dawowa Pillars a 2021 ba tare da ciniki ba. A tafiyar mutum ɗaya an ga kusan kowace hanya: aro, sayarwa, rabuwa cikin yarda, da tafiya kyauta. Abin lura a farkon labarin shi ne aron. Ƙungiyar da ɗan wasa ya yi suna da rigarta ba lallai ita ce mai rajistarsa ba, kuma mai rajista ake biya kuɗin ciniki, kamar yadda wanda aka ba aron gona ba shi ke sayar da ita ba.

Mun ga makamancin haka a gida. Nasarawa United, wadda gwamnatin jiha ta samar a 2003 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu ta hanyar karɓar Black Stars ta Gombe, ta fitar da masu cin ƙwallo da suka yi fice. Sunusi Ibrahim ya ci 10 a gasar 2019, ya yi kunnen doki da Mfon Udoh a saman teburin masu zura ƙwallo. Da CF Montréal ta Kanada ta sanar da ɗaukarsa a 2021, daga 36 Lion ta Legas ta ce ta ɗauko shi. Silas Nwankwo ya ci 19 a kakar 2020/2021, ya tafi Mjällby ta Siwidin a 2022. Mai kallo a filin wasa na Lafia riga yake gani, ofishin rajista kuma sunan da ke kan takarda a ranar cinikin yake dubawa.

Idan ana son ganin abin da sa hannu biyu ke jawowa, a duba Mikel Obi, shi ma ɗan Jos, wanda ya taso a Plateau United. Yana Lyn ta Norwe a Afrilun 2005, kwana kaɗan bayan ya cika 18, aka nuna shi da rigar Manchester United an ce ya sa hannu. Daga baya ya ce matsa masa aka yi, shi Chelsea yake so. Aka yi fiye da shekara ana ja-in-ja, yaron ya yi watanni ba ya buga wasa. A Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta ɗauki miliyan 12 kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba, Lyn ta samu miliyan 4. Daga baya kotu a Norwe ta samu wani daraktan Lyn da laifin jabun takarda a cikin lamarin.

Yadda ake kammala ciniki a yau kuwa, ƙungiyoyi biyu su daidaita kan farashi, wanda galibi kashi-kashi ake biyansa cikin shekaru. A ƙara sharuɗɗa: idan ya buga wasa kaza a ƙara kaza, idan an sake sayar da shi a ba tsohuwar ƙungiya kashi kaza cikin ɗari. A duba lafiyar ɗan wasa, ya sa hannu. Tun Oktoban 2010, idan cinikin ya ƙetare iyakar ƙasa, dole kowace ƙungiya ta shigar da bayanan a rumbun Fifa na intanet, kuma sai bayanan sun zo ɗaya hukumar tsohuwar ƙasa za ta saki takardar izini. Akwai kuma kwantiragin da aka rubuta farashin fansa a cikinsa tun farko, irin na Neymar da Barcelona, wanda aka ajiye yuro miliyan 222 a 2017 ya tafi PSG ba tare da an nemi yardar Barcelona ba. Tun Mayun 2015 an haramta wa wani attajiri ko kamfani ya mallaki kaso a cinikin ɗan wasa na gaba. Dillalin 'yan wasa kuma, wanda muke kira eja, tun 2023 sai ya ci jarrabawar Fifa ya samu lasisi, kuma ana iya duba sunansa a shafin hukumar. La'adarsa daga ciniki ko albashi take fitowa. Wanda ya zo ya ce uba ya sayar da doya ko riɗi ko fili ya ba shi kuɗin biza da gwaji, a fara tambayarsa lasisinsa da takardar gayyata daga ƙungiyar da ya ambata.

Ga ɗan wasan da ake riƙe wa albashi, tun 2018 dokar Fifa ta ce idan ƙungiya ta yi wata biyu ba ta biya ba, ya rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15. Idan ba ta biya ba, yana da hujjar raba kwantiragin ya nemi diyya. Rigimar da ta haɗa ƙasa biyu kotun ƙwallo ta Fifa ke saurara, a ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lausanne a Suwizalan. Ta cikin gida kuwa kwamitin sasanci na NFF ne. Dokar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin a Oktoban 2024 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Lassana Diarra da ta samo asali daga rabuwarsa da Lokomotiv Moscow a 2014, ta ce wasu sassan dokar diyya sun saɓa wa 'yancin ma'aikaci, Fifa ta shiga gyara.

Sashen da ya fi shafar mu a Ashige shi ne haƙƙin wanda ya reni yaro, kuma gida biyu ne. Na farko diyyar horo, wadda ake biyan ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 21, idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a wata ƙasa, ko aka sauya masa ƙasa kafin ya wuce 23. Da ma'aunin sabuwar ƙungiya ake lissafi: manyan ƙungiyoyin Turai yuro 90,000 kan kowace shekara, sai dai shekarun 12 zuwa 15 ana lissafa su da ƙaramin ma'auni, yuro 10,000. Nauyin wannan kuɗi ne ke sa ƙungiyoyin Turai su nemi makarantun ƙwallo na Afirka su yafe shi a musanya da kaso a cinikin gaba, kuma kocin da bai san me yake yafewa ba zai sa hannu da murna.

Na biyu kuɗin tallafi. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ko yana da shekara 30, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin, daga 16 zuwa 23 kowace tana da rabin kashi ɗaya. Da Napoli ta sayi Victor Osimhen daga Lille a 2020 kan kusan yuro miliyan 70, kashi biyar ɗin ya kai wajen miliyan 3 da rabi. Mu sauko da lissafin ƙasa: yaron da ya buga wa wata ƙungiyar unguwa daga 12 zuwa 15 ya tara mata kashi 1 cikin ɗari. Idan wata rana aka sayar da shi yuro miliyan 1, haƙƙinta yuro 10,000 ne, kuma haka za a sake yi a kowane ciniki na gaba. Idan ya zauna har 17, ya zama kashi 2.

Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma an yi masa rajista da sunanta a waɗannan shekarun, da ranar haihuwa guda ɗaya wadda ba za ta canja ba. Tun Nuwamban 2022 Fifa ta buɗe ofishin biyan waɗannan kuɗaɗe a Faris, kuma da fasfon ɗan wasa na kwamfuta yake aiki, wanda ake haɗawa daga bayanan da hukumomin ƙasashe suka shigar. Hoton yaro da riga, ko shaidar mai unguwa cewa koci wane ne ya saya masa takalmin farko, ba sa shiga wannan fasfo. Rajistar ƙungiya daga hukumar ƙwallo ta jiha a Lafia take farawa, kuma muna kira ga masu horar da yara a Ashige da Adogi da Assakio su kawo sunayen ƙungiyoyinsu ga sakatariya don mu haɗa kai a je a yi ta tare. A kuma kula da sabunta ta duk shekara, domin dokar ta ce idan ƙungiyar da ta reni yaro ta rushe kafin kuɗin su zo, hukumar ƙwallo ta ƙasa ce ke da damar karɓar kasonta.

Sakataren ƙungiya